Darasi na 14: Wace Juma'a Ake Nufi?

Idan magana ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu, Bahaushe yakan ce tana da harshen damo, domin harshen damo a rabe yake gida biyu daga ƙarshensa. A wannan darasi za ku ga irin wannan magana a wurin da ta fi jawo asara, wato wajen sa rana. Za mu fara da Turanci, tun da shi kuke amfani da shi a aji, kuma daga gare shi yawancinku kuke ɗebo tunani idan za ku yi Hausa.

Ku ɗauka yau Litinin ce, sai wani ya ce muku za a yi taro "next Friday". Wace rana za ku je? Wasunku za su ƙirga kwana huɗu, wasu kuma kwana goma sha ɗaya, kuma babu wanda malamin Turanci zai iya kayarwa. Dalili shi ne kalmar "next" tana da ma'auni biyu. Mai ma'auni na farko daga yau yake awo, saboda haka Juma'ar da ya fara cin karo da ita, ita ce tasa. Mai ma'auni na biyu da mako yake awo: a wurinsa Juma'ar makon da ake ciki sunanta "this Friday", don haka "next Friday" sai ta makon da ke biye. Idan ranar Alhamis aka yi maganar, gardama takan yi sauƙi, domin mai nufin washegari da "tomorrow" zai ce. A farkon mako ne abin ya fi rikicewa.

Shi kansa makon ba a daidaita a kan mafarinsa ba. Kalandar Amurka da Lahadi take farawa, yawancin ƙasashen Turai kuwa da Litinin, kuma Litinin ɗin ce ƙa'idar rubuta kwanan wata ta duniya, ISO 8601, ta ɗauka. Wanda ya ce "this Sunday" ranar Laraba, mai yiwuwa ne a ji shi da Lahadin da ta wuce, ko da wadda ke tafe. Mutanen Ingila suna da "Friday week", wato mako guda bayan Juma'ar da ke tafe, amma ba ko'ina ake gane shi ba. Mu ma a Nijeriya mun yi wa Turancin namu gyara: muna cewa "upper Friday", muna kuma cewa "next tomorrow", wanda ƙamus ɗin Oxford ya shigar cikin kalmominsa a shekarar 2020. Bature ba shi da kalma guda ta wannan rana, alhali Bayarabe yana da "ọ̀túnla", Ibo yana da "nwanne echi", Bahaushe kuma yana da jibi.

A nan Hausa ta yi wadata ƙwarai. Idan yau Litinin ce, to:

gobe ita ce Talata,
jibi Laraba,
gata Alhamis,
citta Juma'a,
shekaran citta kuma Asabar.

Ta baya kuwa akwai jiya da shekaranjiya. Waɗannan kalmomi ba su da harshen damo, domin dukkansu daga yau suke ƙirge, babu ruwansu da inda mako ya fara. Gaskiya ne samarin birni ba su cika faɗin citta ba yanzu, amma ku riƙe ta, za ku ji ta a bakin dattawa. Ku kuma bambanta gobe da washegari. Gobe daga yau ake auna ta, washegari kuwa daga ranar da ake ba da labarinta: "Ya iso Ibadan ranar Talata, washegari ya wuce Legas."

Idan ranar ta yi nisa, sai a kira ta da sunanta. Sunayen ranakun mako duka na mace ne, shi ya sa ake cewa Juma'ar nan, Juma'a mai zuwa, Juma'ar da ta wuce. A Hausa, "Juma'a mai zuwa" ita ce wadda za a fara tararwa. Wadda ke bayanta ita ce "Juma'a ta sama". Haka kuma ake cewa mako mai zuwa da mako na sama, wata mai zuwa da wata na sama. Wanda yake son ya toshe kowace ƙofa sai ya haɗa su biyun: "Ba wannan Juma'ar ba, ta sama." Akwai kuma "rana ita yau", wato rana irin ta yau a mako mai zuwa. Kada "makon gobe" da "watan gobe" su ruɗe ku; gobe a nan tana nufin na gaba, kamar yadda "makon jiya" yake nufin wanda ya wuce.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su ɗauko "next Friday" da ma'anarta ta kwana goma sha ɗaya, su juya ta zuwa "Juma'a mai zuwa". Nahawun jimlar daidai ne, amma ranar ta goce da mako guda. Ku karanta wannan hira ta waya tsakanin wata mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas da dillalinta na Kano. Ranar Litinin suke magana.

Mai tumatir: Alhaji, ina son kwando hamsin ranar Juma'a mai zuwa.
Dillali: To, Hajiya, wato citta ke nan. Sai mu yi lodi jibi.
Mai tumatir: A'a, Alhaji, na wancan lodin ma ban gama sayarwa ba. Ba ta wannan makon nake nufi ba.
Dillali: Ashe ta sama kike nufi. Nawa ga wata ke nan?
Mai tumatir: Ashirin da ɗaya ga wata.
Dillali: Madalla. Juma'a ta sama, ashirin da ɗaya ga wata. Allah ya kai mu.
Mai tumatir: Amin, Alhaji.

Da dillalin bai maimaita ranar da wata kalma ba, da kwando hamsin sun iso Legas babu mai jiran su, tumatir kuwa ba ya jiran mako guda. Ku lura da dabararsa: ya juya sunan ranar zuwa citta don ya gwada fahimtarsa, sa'an nan ya nemi kwanan wata. Hausawa na cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Karin maganar a kan ranar biki aka yi shi, amma duk wanda ya sa rana da abokin ciniki ya san abin da ake nufi.

Kada ku zaci Hausa ta tsira daga harshen damo gaba ɗaya. Nata yana wajen dare. A lissafin Musulunci, wanda Hausawa suka daɗe suna bi, sabuwar rana daga faɗuwar rana take kamawa, dare ne yake riga wuni zuwa. Saboda haka idan dattijo ya ce "daren Juma'a", daren da ke tsakanin Alhamis da Juma'a yake nufi, wato abin da Bature zai kira daren Alhamis. Haka ma daren salla shi ne daren da in gari ya waye za a tafi idi. Amma ɗan boko da ya saba da agogo yana iya cewa "daren Juma'a" yana nufin bayan an sauko daga masallacin Juma'a rana ta faɗi. Hanyar kuɓuta a nan ita ce ku ce "ranar Alhamis da dare" ko "ranar Juma'a da dare". Wannan siga ba ta da fuska biyu.

Ƙirgen kwanaki ma yana buƙatar hattara, musamman ga mai jin Yarabanci. Bahaushe da kwana yake ƙirge, wato yawan dararen da za a kwanta a tashi, don haka yau ba ta shiga lissafi. "Bayan kwana uku" daga Litinin, Alhamis ke nan. Bayarabe kuwa yakan sa yau a cikin ƙirgensa. Jaririn da aka haifa ranar Talata, aka raɗa masa suna Talatar da ta zagayo, Bahaushe zai ce ya kwana bakwai, Bayarabe kuma ya ce rana ta takwas ce, alhali rana guda suke magana a kai. Idan kuka ɗauko takwas ɗin kuka ce wa Bahaushe "bayan kwana takwas", ranar Laraba zai zo, ya tarar an riga an cinye ragon suna.

A rubutu, kamar wasiƙa ko katin gayyata ko sanarwar taro, ku haɗa sunan rana da kwanan wata, domin takarda takan kwana a hanya, kuma goben mai rubutu ba ita ce goben mai karatu ba. Ga yadda ake tsara shi: ranar Asabar, 1 ga Oktoba, 1960.

Aiki

1. Ranar da aka ambata a sama ita ce ranar da Nijeriya ta sami 'yancin kai. Mutumin da yake magana ranar Laraba, 28 ga Satumba, 1960, da wace kalma guda zai kira ta? Wanda yake magana ranar Alhamis fa?
2. Yau Talata ce. Abokinku ya ce muku "next Saturday". Ku rubuta jimloli biyu na Hausa, kowace da ma'ana ɗaya daga cikin ma'anonin maganarsa.
3. Wani dattijo ya gayyace ku walima "daren Litinin". Ku rubuta tambayar da za ku yi masa cikin ladabi don ku tabbatar da ranar.
4. Ku tambayi iyayenku yadda ake ƙirga kwanakin kasuwa a harshenku, ku bayyana wa aji da Hausa ko ana sa ranar da ake ciki a lissafin.