Shawara Ga Mai Zane Da Ke Son Cin Gashin Kansa

Sau da yawa samari masu baiwar zane, waɗansu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka fito, waɗansu kuwa a zauren malam suka koyi zayyanar allo, sukan kawo mini kuka iri ɗaya, watau ga aiki yana fita, ga yabo daga bakin jama'a, amma idan shekara ta kewayo sai a tarar ko kuɗin fenti da takarda babu. Galibi sukan ɗora laifin a kan kasuwa, alhali kuwa illar tana wajen hisabi, domin mai zane yakan lissafa abin da ya saya da kuɗi, ya manta da abin da ya fi kome tsada cikin aikin, watau kwanakin da ya yi a duƙe.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka buɗe baki ka faɗi farashi, sai ka ƙididdige kayan aiki da haya da kuɗin mota, sa'an nan ka yanka wa kanka ujira ta yini wadda ba ta gaza abin da magini ko kafinta ke karɓa a garinku ba, ka ninka ta da kwanakin da aikin zai ci; bayan wannan ne ake zancen riba. Wanda ya taya ƙasa da haka, ka ce masa albarka cikin ladabi, gama duk wanda ka sallama wa yau da hasara, gobe da wannan farashin zai turo maka abokinsa.

Babbar musibar mai aikin hannu kuwa ita ce aikin da aka sa shi da fatar baki. Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi ba. A mazhabar Malikiyya, idan mutum ya ce a yi masa abu da kayan mai sana'a, hukuncinsa hukuncin salam ne, wanda sharaɗinsa shi ne a siffanta abin, a yanka ajali, a kuma gabatar da kuɗin, ba a jinkirta su fiye da kwana uku. Hanafiyya ne suka sauƙaƙa a kan jinkirin biya cikin abin da suke kira istisna'i. Ke nan neman kuɗi tun farko ba rashin kunya ba ne, kuma mafi ƙarancin abin da ya kamata ka karɓa shi ne kafin alƙalami da zai ɗauke nauyin kayan aiki duka. Idan kuwa wanda ya ba ka aikin ne ya kawo allonsa ko yadinsa, to ijara ce, kuma lamunin abin yana wuyanka idan ya salwanta a hannunka, sai ka adana shi. Ka rubuta girman zanen da launinsa da ranar karɓa da adadin gyaran da ka yarda da shi, ko da a saƙon WhatsApp ne, ka tuna kuwa ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Dangi da abokai fa? Zumunci wajibi ne, amma ka bayyana tun farko: wannan kyauta ce, wancan ciniki ne. Abin da ke ɓata zumunci shi ne wanda aka bari tsakani, kai kana jiran kuɗi, shi yana godiya.

Haka kuma jarin sana'a kada ya kwana aljihu ɗaya da kuɗin cefane. Ka buɗe masa asusu dabam, ka riƙa biyan kanka abu ƙayyadadde. Idan da sunanka na yanka kake ciniki, dokar kamfanoni ta 2020 ba ta tilasta maka rajista ba, amma idan ka laƙaba wa shagonka wani suna, sai ka yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni, watau CAC. Ka kuma sani, bisa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wanda ya sayi zanenka allon ya saya, ikon buga shi a kalanda ko a jikin riga yana nan hannunka har sai ka miƙa shi a rubuce, kuma wannan ciniki ne na biyu mai kuɗinsa dabam.

Ina roƙonka, tun daga aikin da za a kawo maka gobe, ka sayi littafi ka fara rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, har da kwanakinka.