Idan Inji Ya Mutu a Sama, Yaya Tsohon Jirgi Yake Yi?

Tambaya: Na ji an ce har yau akwai jiragen sama masu farfela da aka ƙera tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, suna jigilar mutane da kaya. Idan injin irin wannan jirgi ya mutu a sama, ai sai faɗuwa ko? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Douglas DC-3, wanda ya fara tashi a watan Disamba na 1935, kuma manyanmu sun shige shi a zamanin Nigeria Airways. Har yanzu yana aiki a arewacin Kanada da dazuzzukan Kolombiya, inda filin sauka tsakuwa ce ko jar ƙasa, sabbin jirage kuma ba sa jure irin wannan wahala.

Batun faɗuwa kuwa, ba dole ba ne. DC-3 inji biyu gare shi, galibi kowanne mai silinda 14 da ƙarfin doki wajen 1,200, kuma an ƙera shi yadda inji ɗaya zai iya kai shi filin sauka. Sai dai akwai sharuɗɗa.

Da zarar inji ɗaya ya mutu, mai ran yana ci gaba da ja, sai hancin jirgin ya karkata zuwa ɓangaren mataccen. Nan take matuƙi zai taka fedar da ke juya jelar jirgin don ya miƙe shi, ya ƙure ƙarfin injin da ya rage, ya naɗe tayoyi. Sannan ya tabbatar da wanda ya mutu kafin ya taɓa komai. Kada ka raina wannan mataki: a 2015 matuƙan wani jirgin TransAsia a Taiwan, sabon jirgi ma ba tsoho ba, sun kashe lafiyayyen injin bisa kuskure, mutum 43 suka rasu.

Babban aikin yana kan farfela. Injin ya mutu, amma iska tana ci gaba da juya farfelarsa, wannan juyin kuwa birki ne mai ƙarfi. Ka fitar da tafin hannunka ta tagar mota tana gudu, ka ji yadda iska take tura shi, sannan ka juya shi ta gefe, za ka ji nauyin ya tafi. Haka matuƙi yake yi wa ruwan farfelar: ya danna maɓalli, wani famfo mai aiki da lantarki ya tura man inji, ruwan farfelar ya juya gefe, ta tsaya cik. Idan famfon nan ya ƙi, sai jirgin ya riƙa yin ƙasa a hankali ko da ɗaya injin yana iyakar ƙoƙarinsa.

Abin da ya faru ke nan a Yellowknife ta Kanada ranar 19 ga Agusta, 2013. Jirgin DC-3 na kamfanin Buffalo Airways ya tashi zuwa Hay River da fasinja 21 da ma'aikata uku, sai injin dama ya kama wuta saboda wata silinda da ta daɗe da tsagewa. Matuƙan sun kashe shi, amma ruwan farfelar bai gama juyawa gefe ba. Masu bincike sun kuma gano lodin ya wuce ƙa'ida da fiye da kilo 500. Jirgin ya shafi kawunan itatuwa, ya sauka da cikinsa kafin ya kai titin sauka, Allah ya kiyaye kowa ya fito lafiya. A ganina, daga cikin matsalolin nan uku, lodin ne ya fi ban haushi, domin shi kaɗai ne ba ya buƙatar kayan gyara, sikeli kawai yake so.

A Kolombiya abin bai zo da sauƙi ba. Ranar 9 ga Maris, 2019, wani DC-3 na kamfanin Laser da ke kan hanyar Villavicencio ya rasa inji ɗaya, ruwan farfelar ya ƙi juyawa gefe, ya faɗi a jihar Meta, dukan mutum 14 da ke ciki suka rasu.

Gangar jikin DC-3 ƙarfi gare ta. Injin ne yake tsufa, an daɗe da daina ƙera sabo, kayan gyara da makanikan da suka san shi kuma sai raguwa suke yi. Shi ya sa kamfanin Basler da ke Oshkosh a Amurka yake sayen tsofaffin, ya cire injinan fistin, ya sa musu na zamani masu shan kananzirin jirgi, ya sayar da su da sunan BT-67. Irinsu ne suke kai masu bincike da kayansu yankin ƙanƙara na Antatika.