Me Ya Sa Launin Hoto Yake Canzawa?

Sau da yawa mai ɗaukar hoto a Daura yakan ɗauki hawan Sallar Gani, ya gyara a kwamfuta, rawanin dogari ya fito jawur. Amma da an buɗe a waya, ko an buga a takarda, sai jan ya koɗe, mai hoto ya ƙi karɓa. Ga asarar takarda, ga jin kunya. To, mene ne dalili?

Da farko, gilashin kwamfuta da haske yake haɗa launi: ja, kore da shuɗi. Injin bugawa kuwa tawada yake zubawa, ita kuma ba ta kai haske ƙyalli ba. Na biyu, ma'aunin launi iri-iri ne. Akwai sRGB na 1996, wanda intanet ta dogara da shi, akwai Adobe RGB na 1998. In an gyara hoto da na biyun, aka buɗe shi a manhajar da ba ta gane shi, dole launi ya dushe.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, a adana hoto da sRGB, a rage hasken gilashi, a gwada buga ɗaya kafin ɗari. Rigakafi ya fi magani.