Darasi: Yaro da Ruwan Kududdufi

Ya ku iyaye na Bacirawa, ku kasa kunne. Sa'ad da damina ta sauka, kududdufai sukan cika, yara kuwa sukan faɗa ciki wanka. Bayan 'yan watanni sai yaro ya ga jini cikin fitsarinsa. Waɗansu sukan ce alamar balaga ce. Ba haka ba ne, tsargiya ce. Ƙwanta yana fita tare da fitsari, ya ƙyanƙyashe cikin ruwa, tsutsar ta shiga dodon koɗi, daga nan ta fito ta huda fatar mai wanka.

Domin wannan ku koya wa 'ya'yanku abu uku:

1. Kada su yi fitsari ko bayan gida kusa da ruwa.
2. Su yi wanka da ruwan rijiya.
3. Wanda ya ga jini kada ya ɓoye domin kunya. A kai shi asibiti, gama akwai magani.

Kada ku ce ba shi yiwuwa. Kurkunu ya daɗe yana gurgunta manoma, amma da mutane suka koyi tace ruwan sha, a 2013 aka tabbatar ya ƙare a Nijeriya. Wanda ya tsare ruwa ya tsare maƙwabcinsa.