Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Ƙasa Ta Rufta Haka Kawai?

Tambaya: Na ga hoton wani ƙaton rami da ya buɗe a tsakiyar gona a Turkiyya, ba girgizar ƙasa, ba haƙar ma'adinai. Me ke jawo haka? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Malam, a dare ɗaya ramin ya buɗe, amma ruwan sama ya yi dubban shekaru yana haƙarsa ta ƙarƙashi.

Abin yakan faru ne inda aka sami shimfiɗar dutsen farar ƙasa, irin wanda ake fasawa a Kalambaina, nan kusa da kai, ana yin siminti. Ruwan sama kan kwashi iskar kabon a sararin sama da cikin ruɓaɓɓen ganye, sai ya yi ɗan tsami-tsami. Harshe ba zai ji tsamin ba, amma yana cin dutsen sannu a hankali, kamar akuya na lasar kanwa. Tsaga ta zama kafa, kafa ta zama kogo, har rafi guda ya nutse ya ci gaba da gudu cikin duhu. Kogon Mammoth da ke jihar Kentucky a Amurka, hanyoyinsa da aka auna sun haura kilomita 680. Masana na kiran irin wannan yanki "karst", sunan da aka aro daga tudun Kras na Sulobeniya.

To, kogo yana da rufi, shi kuwa rufi kullum ƙara siranta yake yi. Ranar da ya gaza ɗaukar nauyin da ke kansa, sai ya rufta. Ramin Xiaozhai na ƙasar Sin haka ya samu, zurfinsa mita 662.

Hoton da ka gani kuwa, ina kyautata zaton na yankin Konya ne, kuma can da hannun mutum a ciki. Ruwan da ya cika kogo yana tallafe rufinsa. Manoma sun haƙa rijiyoyin burtsatse barkatai don shayar da masara da gwozar sukari, ga fari, ruwan ƙasa ya ja baya, rufin ya rasa madogara. Ramukan can yanzu ɗaruruwa ne.

A irin wannan yanki, idan ka ga bango na tsagewa, ko fili na lotsawa kamar faranti, kada ka tsaya leƙe. Janye iyali da dabbobi, ka sanar da hukuma.