Iyakar Ikon Shugaba Da Iyakar Ikon Alƙali

 

'Yan'uwa Musulmi, wanda duk ya taɓa bin hanyar Bagudo zuwa Lolo ko Tsamiya ya san akwai wurin da ikon Nijeriya yake ƙarewa, na Jamhuriyar Benin ya soma, ko da yake mutanen nan dangin juna ne, suna cin kasuwannin juna. Alƙalin Bagudo, kome zurfin ilminsa, ba shi da ikon yanke hukunci a kan gonar da take Segbana. Malaman fiƙihu sun yarda shugaba ya keɓance alƙali da wani gari ko wata irin shari'a, in kuwa ya ƙetare abin da aka ɗora masa, hukuncinsa ba ya zartuwa. Shi ma shugaban yana da tasa iyakar. Misalin duka biyu yana nan cikin masarautar Gwandu, wadda Bagudo take ƙarƙashinta.

A watan Yuni na 2005, zamanin Gwamna Adamu Aliero, gwamnatin Jihar Kebbi ta tuɓe Sarkin Gwandu na 19, Alhaji Mustafa Haruna Jokolo, ta kai shi Jihar Nasarawa, aka naɗa Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce korarsa daga garinsa ta saɓa wa tsarin mulki. A 2014 Babbar Kotun Jihar ta ce a mayar da shi, domin ba a bi ƙa'ida ba, ba a kuma ba shi damar kare kansa ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato ta tabbatar da haka a 2016.

Wannan hujja ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin Tuhufa. Ita ce ruhin i'izari, watau kada a yanke wa mutum hukunci sai an tambaye shi ko yana da sauran hujja. Manzon Allah (S.A.W.) ya gargaɗi Sayyidina Aliyu, sa'ad da ya aike shi Yaman, kada ya yi hukunci sai ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Da wasu mutanen Kufa suka kai ƙarar gwamnansu Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Sayyidina Umaru ya tambaye shi, ya kuma aika a bincika masallaci masallaci. Ya sauke shi dai, gama shugaba yana da ikon sauke wanda ya naɗa, amma ya bayyana cewa ba don gazawa ko ha'inci ba ne.

To, a watan Yuni na 2025, bayan shekara 20, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin 2014 da na 2016, alƙalai uku suka rinjayi biyu. Ba ta tsaya kan dacewar tuɓewar ba. Cewa ta yi dokar sarakuna ta jihar ta wajabta a fara kai kuka ga gwamna kafin a je kotu, tun da ba a yi ba, kotunan ƙasa ba su da hurumin sauraron ƙarar. Watau sun yi hukunci a kan gonar da ba tasu ba.

Lalle ne a girmama wannan hukunci, gama alƙali ba ya ba kansa hurumi. Amma ba zan ɓoye ba, zuciyata tana nauyi da dokar da ta sa wanda gwamnati ta tuɓe ya fara kai kukansa ga gwamnatin nan. Musulunci ya tanadi kotun mazalim domin a yi ƙarar masu mulki, kuma Sayyidina Aliyu, yana Halifa, ya je gaban Alƙali Shuraihu a kan sulkensa, aka yanke ba a ba shi ba. Gyaran irin wannan doka yana hannun Majalisar Dokokin Jiha a Birnin Kebbi.