Takin Gida Kafin Takin Buhu: Shawarwari ga Magidantan Karofi

Yawancin gonakin Karofi, har ka dangana da Kurfi, jigawa ce, kuma jigawa ba ta da riƙo. Ka zuba yuriya yau, ruwan Agusta ya tsuge gobe, takin ya nutse inda saiwa ba ta kaiwa. Abin da ke sa irin wannan ƙasa ta riƙe danshi da abinci shi ne ruɓaɓɓen taki, wanda kusan kowane gida ke da shi a turke.

1. Fara tara taki tun kaka. Haƙa rami a inuwa, ka riƙa zuba kashin awaki da na kaji, sharar tsakar gida, ragowar harawa da toka kaɗan. Yayyafa ruwa, ka juya shi duk bayan mako biyu. A tsince leda da tsohon batir da fasasshiyar kwalba. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, sai ya ruɓe tukuna.

2. Idan takin bai kai ya game gona ba, kada a barbaɗa shi iska ta kwashe. Zuba shi a gurbin shuka. Manoman Tawa a Nijar da haka suka farfaɗo da faƙo: su haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, su sa taki, ruwa ya taru a ciki.

3. Bar gawo ya tsaya. Shi kaɗai ne ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki a gindinsa. Da rani dabbobi su sha inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi. Tun daga 1983 manoman Maraɗi suka koma renon tohon kututture maimakon ƙone shi lokacin sassabe, gonakinsu suka sake cika da itatuwa. Mu kuwa har yanzu mai gatari ya fi mai reno yawa, kuma gawayin da ake sayarwa a bakin titi shaida ne.

4. Gona guda kada ta ga dawa zalla shekara da shekaru. Sa wake ko gyaɗa a tsakani, domin saiwarsu na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wuta-wuta ta fi son gonar da ta gaji. A tuge ta kafin ta yi fure.

5. Masu lambu a bakin madatsar Zobe, ku gwada 'ya'yan darbejiya kafin ku sayi maganin feshi. A daka, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Yana buƙatar maimaici, amma yaro zai tsinki tumatir ya ci ba fargaba.

6. Kada a zuba fiya-fiya cikin waken ci. Saboda ragowar wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, muddin waken ya bushe sarai kuma an ɗaure bakin kowane ninki daban.

7. Kada ka yanke takin zamani dare ɗaya, amfani zai iya raguwa a shekarar farko. Ware ɓangare guda na gonar ka ba shi takin gida, ka rage na buhu a wurin, da kaka ka ƙirga damman kowane ɓangare.